TSATSAR KITSE A CIKIN JIJIYA: ABIN DA ALBASA, ZOƁO DA MAN ZAITUN KE IYAWA, DA INDA ƘARFINSU YA TSAYA

 

Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ita ce ta kolestarol. Mutum ya je asibiti da hawan jini, an ɗebi jininsa, an miƙo masa takarda an ce kitse ya yi yawa a jini. Ya dawo gida hankali a tashe. Wannan ya ce ya bar ƙwai, wancan ya ce ya bar manshanu, wani ya ce ya sayi kwalbar man zaitun ya riƙa kurɓa da safe, wani kuma ya ce ai habbatussauda kaɗai ta ishe shi, ya watsar da ƙwayar likita. Saƙon yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta, domin akwai gefen maganar da ba a cika faɗa ba. Kitse yana lalacewa. Yana lalacewa a tukunya, yana lalacewa a cikin jijiya, kuma lalataccen ya fi lafiyayyen ɓarna nesa ba kusa ba.

*SHI KANSA KOLESTAROL ƊIN*

Kada ka ɗauke shi dafi. Jikinka yana buƙatarsa, kuma hantarka ce ke ƙera mafi yawansa. Ko ka daina cin nama gaba ɗaya, hanta za ta ci gaba da aikinta. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki, da shi ake yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo, da shi ake yin sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa, da kuma bitamin D da fata ke samarwa in rana ta taɓa ta.

A abinci kuwa, daga dabba yake zuwa: nama, kayan ciki, ƙwaƙwalwa, ƙwai, kifi, nono, manshanu. Man gyaɗa, manja da man riɗi ba su da shi yadda za a ƙirga. Saboda haka in ka ga an rubuta a jikin galan ɗin mai wai babu kolestarol a ciki, har an ƙara masa kuɗi don haka, to dabarar kasuwa ce kawai. Wanda uwargida ta matse a gida ranar yin ƙuli-ƙuli ma ba shi da shi.

Kowa ya san mai da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuma galibinsa ruwa ne. Don haka jiki ke loda kitsen a cikin wasu 'yan ƙananan jirage, kamar yadda ake loda buhunan shinkafa a kwale-kwale a ƙetare gulbi. Jirgin da ke ɗaukar kaya daga hanta zuwa sassan jiki shi ne za ka ga an rubuta LDL a takardar gwaji. Wanda ke kwaso ragowa ya mayar wa hanta shi ne HDL. Matsalar tana farawa in jiragen LDL suka yi yawa. Sai su riƙa kutsawa ta ƙarƙashin fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya, su maƙale a can.

Tun a 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, ya ga jijiyoyinsu sun yi dasƙararren kitse. Amma an daɗe da wata tambaya. A 1979 wasu masana biyu a Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda daga baya suka samu kyautar Nobel a 1985, suka lura da wani abu: fararen ƙwayoyin jini masu share datti a jiki ba sa rububin LDL in lafiyayye ne. In an sauya masa kama kuwa, sai su haɗiye shi ba ƙaƙƙautawa. To me ke sauya masa kama a jikin mutum? Daniel Steinberg da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka nuna cewa ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ita ce haɗuwarsa da iskar oksijin. Wannan shi muke kira tsatsa a nan.

*YADDA KITSE KE YIN TSATSA*

Ka ajiye fartanya a waje damina ta wuce, ta yi ja. Ki yanka yalo ko dankali ki bar shi a faranti, ya yi duhu. Man gyaɗa ya daɗe a kwalba cikin rana, ya canza wari, yana ƙaiƙayi a maƙogwaro. Duk dangin abu ɗaya ne, iskar da muke shaƙa ce ke cin su a hankali.

A cikin jiki, yayin da ake ƙona abinci don samun ƙarfi, akwai wasu 'yan tartsatsi da ke fita. Hayaƙin taba, hayaƙin itace da yawan sukari a jini suna ƙara su. Ga yadda ɓarnarsu take. Ka ɗauka an idar da sallar Juma'a, mutum ɗaya ya fito ya tarar an ɗauke masa takalmi. Maimakon ya haƙura, sai ya saka na wani. Shi ma wancan ya fito bai ga nasa ba, ya saka na maƙwabcinsa. Kafin ka ankara, sahu guda ya rikice, alhali ɓarawo ɗaya ne ya fara. Haka tartsatsi ɗaya ke fizge wani ɗan yanki daga ƙwayar kitse, ita ma ta fizge na kusa da ita, har jirgin LDL gaba ɗaya ya lalace.

Daga nan masu shara su zo su haɗiye shi, su yi ta haɗiya har su kumbura kamar kumfa, su mutu a wurin. Gawarsu da kitsen su taru, jiki ya lulluɓe su da wata 'yar fata, hanyar jini ta riƙa tsukewa. Wannan aiki na shekaru ne, yana iya farawa tun mutum na saurayi, kuma ba ya ciwo. Ranar da fatar nan ta fashe, jini ya dasƙare a wurin ya toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Sai a ce ai jiya lafiya lau muka rabu da shi. Allah Ya kiyashe mu.

Mu koma ƙofar masallaci. A ce a cikin jama'a akwai wani bawan Allah mai takalmi na biyu a jaka. Ya miƙa wa wanda aka yi wa sata, magana ta mutu a nan, ba a taɓa na kowa ba. To wannan shi ne aikin sinadaran da ke hana tsatsa. Suna bayar da nasu, kuma ba sa ɗaukar na wani.

Kowane jirgin LDL yana tafe da irin waɗannan bayin Allah, mafi yawansu bitamin E ne, kimanin guda shida kacal a jirgi ɗaya mai ɗauke da dubban ƙwayoyin kitse. In bitamin E ya bayar da nasa, bitamin C da ke yawo a ruwan jini kan sake cika masa jaka. Wani masani a Ostiriya, Hermann Esterbauer, ya ƙirƙiro gwaji mai sauƙin fahimta: a ciro LDL daga jini, a sa masa ɗan sinadarin jan ƙarfe, a riƙe agogo. Da farko ba abin da ke faruwa, domin masu gadi suna aiki. Suna ƙarewa, sai tsatsa ta tashi gaba ɗaya. Da wannan gwaji aka auna ganyaye da 'ya'yan itace masu yawa, aka ga da dama suna tsawaita wancan lokacin jira.

*ME YA SA TSIRRAI KE DA SU?*

Tsiro ba ya iya gudu ya shiga inuwa. Yana tsaye cikin ranar Kebbi tun hantsi har la'asar, ga ƙwari, ga fumfuna. Sai Allah Ya ba shi sinadaran kare kai, dubbai, waɗanda masana suka tara da yawansu a ƙarƙashin suna folifenol. Ba ka buƙatar ɗakin gwaji ka gane inda suke. Ido da harshe sun isa a mafi yawan lokuta: launi mai duhu, bauri, ɗan ɗaci, ƙamshi mai ƙarfi. Jan zoɓo, baurin ganyen shayi, jar fatar gyaɗa, ƙamshin kanumfari. Kuma sun fi taruwa a bayan abu, wato ɓawo da dusa, daidai wurin da muka fi zubarwa.

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da mu. Duk mai bin hanyar Aliero lokacin kakar albasa ya san irin arzikin da Allah Ya yi wa wannan yanki, motoci na loda ta zuwa kudu har da ƙasashen maƙwabta. Albasa na cikin abincin da ya fi kowanne wani sinadari mai suna kwasetin. A 1993 aka wallafa binciken garin Zutphen na ƙasar Holan, inda aka bi dattawa maza 805 masu shekara 65 zuwa 84 har tsawon shekara biyar. Waɗanda suka fi samun irin waɗannan sinadarai a abinci sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya. Daga ina suke samun su? Shayi, albasa da tuffa. Irin wannan bincike yana nuna alaƙa ne, ba ya yanke hukunci cewa albasar ce kaɗai ta yi aikin, amma shi ya buɗe ƙofar da aka yi ta bi daga baya.

Uwargida, ga abin lura. Jar albasa ta fi fara wannan sinadari da nisa. Kuma ya fi yawa a zagayen waje. In kika cire busasshen ɓawo, kika ƙara ɓare layi biyu masu tsoka don ta yi kyan gani, kin zubar da mafi albarkarta. Ki cire na takardar kawai. Dafuwa ba ta kashe shi gaba ɗaya, yana dai fita ya shiga ruwa, kuma mu alhamdu lillahi ruwan miyar muke sha. Wadda aka soya har ta yi baƙi ce ta yi asara. Ɗanya a kan dafa-duka, a cikin kwaɗon zogale ko rama, ko a gefen tsire, ba ta da na biyu.

Zoɓo, ko soɓorodo kamar yadda wasunmu ke cewa, jan nan nasa shi ne sinadarin. A kwalbar gwaji yana jinkirta tsatsar LDL. A jikin mutum, abin da aka fi gani shi ne tasirinsa kan hawan jini. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba mutum 65 ko dai zoɓo ko wani abin sha mai kama da shi, kofi uku a rana, mako shida. Lambar sama ta hawan jinin masu shan zoɓo ta sauka da kusan 7, ta sauran da kusan 1. Batun rage yawan kolestarol kuwa, sakamakon ya sha bamban, wasu sun gani wasu ba su gani ba. Amma fa zoɓon da aka ba su ba irin na ƙullin leda ba ne da aka zuba wa sukari har cokali na tsayawa. Haka shayinmu na majalisa: ganyen kore ne mai kyau, sai dai sukarin da ake loda masa ya fi ganyen nauyi. Sukari in ya yi yawa a jini yana manne wa LDL, ya sa shi saurin lalacewa. Ka ga an bayar da hannun dama an karɓe da na hagu.

Hatsi ma haka. Jar dawa tana da waɗannan sinadarai a fatarta, gero ma yana da nasa. Dusar shinkafa tana da wani mai suna orizanol, kuma jar shinkafarmu ta gargajiya ta fi farar da aka goge a inji har tana ƙyalli. Muna surfe har ƙwaya ta yi fari tas, mu ba awaki dusa. Awakin kuwa ga su nan sumul. Ba cewa aka yi a daina surfe ba, a dai rage masa ƙarfi, a riƙa haɗawa da wake.

Garin 'ya'yan kuka, gwaiba, lemo da tumatir suna kawo bitamin C mai sake cika jakar bitamin E. Riɗi yana da nasa masu gadin, shi ya sa mansa ke daɗewa bai lalace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya riƙa samun aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ka auna da abin da ke shiga gidanka, ka ga ko an kai rabi.

*ZAITUN DA HABBATUSSAUDA*

Zaitun itace ne da Alƙur'ani ya ambata da albarka, kuma a wannan fage yana cikin waɗanda hujjarsu ta fi ƙarfi. A 2006 aka wallafa wani gwaji da aka yi wa maza 200 masu lafiya a ƙasashen Turai biyar. An ba su man zaitun iri uku, mililita 25 a rana: mai folifenol kaɗan, mai matsakaici, da mai yawa. Gwargwadon yawan sinadarin, gwargwadon raguwar lalataccen LDL a jininsu. A 2012 Tarayyar Turai ta yarda a rubuta a jikin kwalba cewa man zaitun na taimakawa wajen kare kitsen jini daga wannan lalacewa, bisa sharaɗin kowane giram 20 na man ya ƙunshi aƙalla miligiram 5 na sinadarin da ake magana. Giram 20 kamar babban cokali ɗaya da rabi ke nan. Akwai kuma babban gwajin Sifen mai suna PREDIMED, mutum fiye da 7,000, inda waɗanda aka ɗora kan abincin ganye, wake da kifi tare da man zaitun ko 'ya'yan itace dangin gyaɗa suka samu raguwar bugun zuciya, shanyewar jiki da mutuwar da suke jawowa da kusan kashi 30 cikin 100.

To amma wane man zaitun? Wanda aka tace da zafi da sinadarai ya rasa kusan duk folifenol ɗinsa, mai ne kawai. Wanda aka rubuta wa Extra Virgin ake nufi, a kwalba mai duhu, wanda bai daɗe ba. In ka kurɓa za ka ji ɗan ɗaci da yaji a maƙogwaro, har ya sa ka tari. Wasu na mayar da shi su ce ya lalace, alhali wannan yajin alamar sinadaran ce. Kwalbar da ta yi watanni a kan tebur a tasha rana na dukanta, bar ta a wurin. Sannan a madadin wani mai ake cin sa. In ka ci tuwo da manshanu ka kuma kurɓi zaitun a kai, ƙiba ka ƙara. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, kada ya ci bashi don shi. Albasa, riɗi, gyaɗa mai kyau marar fumfuna da ganye suna ƙofar gida.

Habbatussauda kuwa, falalarta ta zo a ingantaccen hadisi cikin Bukhari da Muslim. Babban sinadarinta shi ne timokwinon. A 2016 wasu masana sun tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi kan mutane, suka ga a matsakaici tana rage LDL da kimanin maki 14 a ma'aunin miligiram. Wannan alheri ne. Sai dai wanda LDL ɗinsa ya kai 190 yana buƙatar a sauke shi da 90 ko fiye, ka ga 14 ba ta kai shi gida ba. Ibnul Ƙayyim ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa waraka tana rataye da dacewar magani da cutar, da kuma gwargwadonsa: in ya gaza ba ya isa, in ya wuce kima ya haifar da wata cutar. Don haka mai cewa ka jefar da maganin asibiti ka riƙe kwalbarsa, ka tambaye shi lambar da ke takardarka. In bai san ma'anarta ba, to kasuwancinsa yake karewa.

*TSATSAR DA MUKE DAFAWA DA HANNUNMU*

Wannan gefen ne ya fi shafar gidajenmu, kuma shi ne ya fi sauƙin gyarawa. Kolestarol na abinci ma yana lalacewa kafin ya shiga baki, kuma hanji yana tsotse wani ɓangare na lalataccen. Abubuwa huɗu ke hanzarta shi: wuta mai ƙarfi, iska, hasken rana, da daɗewa. Tsatsar ƙarfe ma tana taimaka masa, don haka tsohon gwangwani ba wurin ajiye mai ba ne.

Manshanu. A 1987 wani likita, Marc Jacobson, ya auna soyayyen manshanun Indiyawa, ya samu kimanin kashi 12 cikin 100 na kolestarol ɗinsa ya lalace, alhali bai samu haka a ɗanyen man ba. Masu bincike a Indiya daga baya suka ce sabon soyawa a wuta daidai bai cika samun wannan ba, sai wanda aka ƙona ko ya daɗe. Darasin dai ɗaya ne. In kin sayi ɗanyen mai a hannun 'yan uwanmu Fulani, ki soya a wuta kaɗan. Da zarar ya daina ƙara, ruwan ya ƙone, ki sauke tun bai yi hayaƙi ya koma ruwan ƙasa ba. Iyayenmu kan jefa albasa, wasu har da citta ko kanumfari. Ƙamshi suke nema, amma citta da kanumfari na cikin abubuwan da aka san suna jinkirta lalacewar mai. Ki zuba a kwalba mai murfi, ki ajiye a duhu, ki soya daidai na 'yan makonni. Kuma ko sabo ne, manshanu yana ɗaga LDL. Ƙaramin cokali a malmala ya isa, ba sai tuwo ya yi iyo ba.

Naman layya. An soya shi ƙarau a cikin kitsensa, an zuba a bokiti, ana buɗewa ana rufewa wata uku, wani lokacin a sake soyawa don kada ya yi fumfuna, kakiden kuma a yi ta miya da shi. Duk abubuwa huɗun nan sun haɗu a bokiti ɗaya. Ku ci, ku rabar, ku rage abin ajiya. Wanda za a ajiye, a tsane masa mai, a rufe shi sosai, a ɗebi na rana a rufe sauran.

Busasshen kifi daga Argungu ko Yawuri abinci ne mai kyau, kada wani ya ce an hana. Sai dai man kifi yana cikin mafi saurin lalacewa. Wanda ya yi ja-ja yana naso, yana ɗaci a harshe, ya kwana biyu. Nemi sabon banda. Madarar gari ta awo da ke buɗe a kwano cikin kasuwa ma iska na aiki a kanta.

Sai man suya. Shi kansa man gyaɗa ba shi da kolestarol, amma in aka soya kifi ko nama a ciki, sun bar nasu. Gobe a ɗora shi a yi ƙosai, jibi awara, ana ƙara sabo a kan tsoho. Duk ɗorawa masu gadin man suna ƙarewa. In mai ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa ko yana saurin hayaƙi, ya gama aiki. Na san tsadar mai, ba wanda ke son zubarwa. Dabarar ita ce ƙaramin kasko da mai kaɗan, a tace bayan suya, kada a wuce ɗorawa biyu ko uku. Manja ma, ja ɗin nan nasa shi ne amfaninsa. Masu ƙona shi har ya yi fari gida ya cika da hayaƙi, sun kori amfanin sun bar kitsen.

Ga wani abin daɗi. A 2010 a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas an gasa niƙaƙƙen nama iri biyu, ɗaya da gishiri kawai, ɗaya da haɗin kayan yaji da suka haɗa da kanumfari, kirfa, citta, masoro da tafarnuwa. Mai kayan yajin ya samu raguwar wani sinadarin lalacewar kitse da kusan kashi 70 cikin 100, kuma an ga raguwar a fitsarin waɗanda suka ci. Mutanen kaɗan ne, amma abin ya dace da hankali. Ashe mai kilishi da mai tsire sun daɗe a kan hanya. Sirrin shi ne a shafa kayan tun kafin nama ya hau wuta, ba a barbaɗa bayan ya sauka ba. A dai kula da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, musamman mai hawan jini.

*TO A SAYI ƘWAYAR BITAMIN KAWAI MANA?*

Likitocin duniya ma haka suka yi tunani, kuma sun gwada. A 2000 aka fitar da sakamakon gwajin HOPE: mutum fiye da 9,500 masu haɗarin ciwon zuciya, rabinsu na shan bitamin E kullum, shekara huɗu da rabi. Bai rage bugun zuciya ba, bai rage mutuwa ba. A 2002 wani gwaji a Birtaniya mai mutum fiye da 20,000 ya haɗa bitamin E, bitamin C da sinadarin launin karas, shekara biyar. Shi ma ba wani bambanci. Abin lura shi ne, a cikin wannan gwaji ɗaya an kuma gwada maganin sauke LDL mai suna simvastatin, shi kuwa ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mafi muni, a Finlan a 1994, cikin maza kusan 29,000 masu shan taba, waɗanda aka ba ƙwayar sinadarin karas sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100.

Me ya faru? Abin da ke aiki a kwalbar gwaji ba lallai ya kai cikin bangon jijiya ba, domin hanji na tsotsar kaɗan, hanta kuma ta sauya shi nan da nan. Sannan albasa ko ganyen zogale ba sinadari ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne tare da harza da ke rage tsotsar kitse a hanji. Wanda ya cika kwanonsa da ganye da wake kuma, dole ya rage wurin wani abu. Shi ya sa cin tsirran ke nuna amfani, ciro abu ɗaya a dunƙule shi a ƙwaya kuma ya kasa. Don haka in an kawo maka wani gari ko ƙwaya mai tsada wai tana wanke jijiya tas cikin mako biyu, riƙe kuɗinka ka kai kasuwar kayan miya.

Hujja mafi ƙarfi har yau tana kan yawan LDL ne. Jirage kaɗan, kaɗan za su maƙale, kaɗan za su yi tsatsa. In ka haura shekara 40, ko kana da hawan jini, ciwon sukari, ko a danginku akwai wanda zuciya ta buga masa da ƙuruciya, ka je a auna maka kitsen jini, ko a asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ko babban asibitin Kalgo, ko wanda ya fi kusa da kai. Ana so jimillar kolestarol ta kasance ƙasa da 200 a ma'aunin miligiram, wato 5.2 a ɗaya ma'aunin. Kada rama ta ruɗe ka. Kimanin mutum 1 cikin 250 zuwa 300 gadonsa yake yi, yana siriri kamar sanda amma lambarsa na sama, kuma irin wannan ba ganyen da zai sauke masa ita shi kaɗai.

Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya faɗa wa likitansa kafin ya mayar da zoɓo mai kauri ko man habbatussauda abin kullum, domin suna iya haɗuwa da magani su sauke lambar fiye da kima. Mai shan maganin tsinka jini ya yi hankali da yawan tafarnuwa da citta. Mai juna biyu ta tsaya ga gwargwadon abin da ke shiga abinci, ban da na magani. Mai ƙarancin jini kuma ya ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin cin abinci da shayi, don baurin shayi yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. A tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da tukunya.